Za a iya ciro zinki daga ruwan ɗauraya da tantanin mai? Amsa ga mai wurin shafen ƙarfe a Gombe

Wani bawan Allah daga Gombe, mai ƙaramin wurin yi wa noti da kusoshi da maƙallan ƙofa shafen zinki da lantarki, ya aiko da wannan tambaya: "Kullum muna zubar da ruwan ɗauraya wajen lita 2,000. Ƙanena da ya karanci injiniyancin sinadarai ya kai an auna, aka ce akwai zinki miligiram 300 a kowace lita. Ya ce akwai dabarar tantanin mai da ake ciro ƙarfen da ita a sake amfani da shi. Yaya ake yi, kuma za ta biya ni?"

Malam, ƙanenka ya faɗi gaskiya, dabarar tana nan kuma tana aiki. Amma kafin mu shiga cikinta akwai maganar rai. Wane irin baho, wato ruwan sinadarin da ake tsoma kaya a ciki, kake shafe da shi? In na sayanayid ne, kada ka zuba wa ruwan ɗaurayarsa asid ko ɗigo guda, domin asid yana sakin iskar sayanayid, ita kuwa a ɗaki rufaffe tana kisa cikin mintuna. Irin wannan ruwa sai an fara kashe sayanayid ɗin da bilic, ma'aunin pH (wanda ƙasa da 7 ke nuna asid, sama da 7 kuma kishiyarsa irin soda) yana sama da 10.5, an kuma auna an tabbatar babu saura. Duk bayanin da zai biyo baya na ruwan bahon asid ne, na kulorayid ko na salfet.

Ga yadda abin yake. Ruwa biyu ne ake raba su da mai. Na waje shi ne ruwan dattinka, na ciki kuwa ɗan kaɗan ne mai asid mai ƙarfi. Mai ba ya haɗuwa da ko wannensu, shi ne tantanin. A cikin man ake narka wani sinadari da za mu kira ɗan dako, tunda aikinsa ke nan: ya ɗauki zinki a bakin ruwan waje, ya ratsa man, ya sauke a ruwan ciki, ya ɗauko asid ya dawo ya sake ɗauka. Ɗan dakon zinki da aka fi sani shi ne D2EHPA. Duk ƙwayar zinki ɗaya da ya shigar, yana fito da ƙwayar haidirojin biyu, wato abin da ke ba asid ƙarfinsa. Wannan musayar ce ke sa zinki ya ci gaba da shiga ko da na ciki ya ninka na waje sau da yawa, muddin asid ɗin ciki ya fi na waje ƙarfi nesa ba kusa ba.

Ana shirya tantanin ta hanya uku. Akwai na kwalba mai siffar U, wanda man ke kwance tsakanin ruwayen biyu. Yana da jinkiri ƙwarai, amfaninsa kawai a gwada ko ɗan dakon ya dace. Akwai wanda ake jiƙa siririyar roba mai ƙananan ramuka da man, ruwan datti ya bi ta gefe ɗaya, asid ta ɗayan. Wannan ba ya cin mai, sai dai man yana zurarewa daga ramukan cikin kwanaki ko 'yan makonni, ruwayen biyu su haɗu, aiki ya ɓaci. Na uku, wanda nake zaton shi ƙanenka yake nufi, shi ne na kirim, abin da masana ke kira emolshon. Norman Li na kamfanin man da ya zama Exxon a Amurka ne ya yi rajistarsa a 1968. A 1986 aka kafa shi a masana'antar zaren roba ta Lenzing a Ostiriya don ciro zinki, a kusan lokacin kuma aka yi amfani da shi a wata masana'antar roba a Guangzhou ta ƙasar Sin don ciro finol, wani sinadari mai guba. Duk da haka, har yau masana'antun da suka riƙe shi ba su da yawa, kuma dalilin zai fito fili nan gaba.

Ka san man shanu ɗanye: mai ne da ɗigo-ɗigon ruwa a ɓoye cikinsa, ba ka ganin ruwan sai an soya. Kirim ɗin haka yake, sai dai ruwan da ke ɓoye asid ne. In aka zuba shi cikin ruwan datti aka juya a hankali, sai ya rarrabu ƙwaya-ƙwaya, kowace ƙwaya tana ɗauke da dubban ɗigon asid. Faɗin fuskar da mai ke taɓa ruwa ya zama babba ƙwarai, shi ya sa aikin da kwalbar U za ta kwana tana yi, kirim ke gama shi cikin minti goma.

Gwajin farko a yi shi da lita ɗaya. A fara gyara ruwan, don a nan mafi yawan masu gwaji ke faɗuwa. A tace shi da kyalle mai kauri ko yashi. Ruwan wanke maiƙo mai sabulu kada ya shiga, yana narka kirim. Ruwan ɗaurayar kuromet, wato rawayan nan da ake tsoma kaya bayan shafe, shi ma a ware masa duronsa: D2EHPA ba ya ɗaukarsa, guba ne mai jawo ciwon daji, kuma ɗan dakonsa daban ne, irin su Alamine 336 ko Aliquat 336, da sodar sabulu a ciki maimakon asid. Sannan babban abokin gaba, baƙin ƙarfe. Tunda kayanka na ƙarfe ne, babu makawa ya narke a ruwan. D2EHPA ya fi son ƙarfe mai tsatsa a kan zinki, in ya kama shi kuma asid ɗin salfa ba ya iya ƙwace shi, sai an kawo asid ɗin haidirokulorik mai ƙarfi. Ɗan dako ya ɗauki kayan da ba zai iya saukewa ba ke nan, sai ka ga zagaye na farko ya yi kyau, na huɗu ya mutu, ba ka san dalili ba. Maganinsa a ɗiga ɗan haidirojin feroksayid, a ɗaga pH zuwa 3.5 ko 4, ƙarfen ya kwanta ja-ja, a tace. Zinki ba ya fara kwanciya sai an haura 6, saboda haka ba a yi asararsa ba. A ɗaga pH da soda, ban da laim (farar ƙasa mai kalsiyam), domin ɗan dakon yana ɗaukar kalsiyam, ya kai shi cikin asid ɗin salfa ya zama jifsam, ya cushe kirim ɗin. In ruwan rijiyar burtsatsenku mai nauyi ne, irin wanda ke barin farin dutse a buta, a auna kalsiyam ɗinsa tun farko.

Man tantani mililita 50: D2EHPA mililita 2.5, sinadarin riƙe kirim mai suna Span 80 mililita 1.5, sauran 46 mai narkarwa ne. Littattafai kan ce kananzir, kuma yana yi, amma a Gombe sai an yi hattara biyu. Kananzir yana fara ba da tururin da ke kama wuta tun daga digiri 38, mu kuwa a watan Maris da Afrilu inuwa ma takan kai 40. Ga kuma kananzir na bakin titi da akan gauraya da fetur. In ana iya samu, a sayi man narkarwa na masana'antu irin su Shellsol D70 ko Escaid 110, waɗanda sai sun haura digiri 70 suke kaiwa wannan matsayi. Man gyaɗa ko na angurya ba su da wannan haɗari, ana ma bincike a kansu, amma kaurinsu yana rage wa ɗan dako sauri, kirim ɗinsu kuma yana da wuyar fasawa.

Ruwan ciki mililita 50 na asid ɗin salfa mai ƙarfin mola 1, wato giram 98 a lita. Ana samun haka da mililita 55 na asid tsantsa a cika lita ɗaya, ko sabon ruwan batir kashi ɗaya a ruwa mai tsabta kashi huɗu. Sabo na ce, wanda bai taɓa shiga batir ba, don na tsohon batir cike yake da dalma. Kullum asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba, da tabarau da safar hannu.

Ana kaɗa kirim da injin kaɗawa na ɗakin gwaji mai juyi 6,000 zuwa 8,000 a minti. A sa man a ƙasa, a riƙa ɗiga asid a hankali cikin minti biyu zuwa uku, a ci gaba da kaɗawa har minti bakwai ko goma gaba ɗaya, kwalbar tana zaune cikin ruwan sanyi don kaɗawa na ɗumama shi. Kada a ɗauko bilendar kicin, motarta tana tartsatsi ga tururin mai a kusa. In an gama, ɗiga ɗigo ɗaya cikin kofin ruwa. In ya tsaya dunƙule a sama, ya yi. In ya baje ruwan ya yi fari kamar madara, ya juye ke nan, mai ya shige cikin ruwa maimakon ruwa cikin mai, galibi saboda an zuba asid da gaggawa ko ya fi man yawa.

Sai a zuba kirim mililita 100 cikin ruwan datti lita ɗaya mai pH wajen 4, a juya da farfela juyi 250 zuwa 350 a minti. Ido ma yana taimakawa a nan: ƙwayoyin kada su wuce ƙwayar gero, kada kuma su yi laushin da ruwan zai koma fari fat. A ɗebi ɗan samfur a minti 2, 5, 10, 15, 20 da 30. Abin da za a gani shi ne zinki yana sauka da sauri, ya tsaya, sannan ya fara hawa. Hawan nan alama ce ƙwayoyi sun fara fashewa suna mayar da abin da suka haɗiya. Inda ya fi sauka, galibi tsakanin minti 5 da 15, nan ne lokacin aikinka, ƙarin juyi bayan haka ɓarna ce. A kula da pH kuma. Zinki miligiram 300 daidai yake da milimol 4.6 (milimol awon adadin ƙwayoyin sinadari ne), zai sako haidirojin milimol 9.2, wanda ya isa ya jawo lita ɗaya zuwa pH wajen 2. A can ɗan dako yana yin kasala. A riƙa ɗiga soda ana riƙe shi tsakanin 3 da 4, amma kada a wuce 5, don daga nan D2EHPA kansa yana fara narkewa cikin ruwa, ka zubar da abu mafi tsada a cikin haɗin.

In komai ya tafi daidai, zinkin lita ɗaya ya koma cikin mililita 50, ya ninku sau 20, giram 6 a lita. Asid ɗin da aka ci bai kai kashi goma cikin ɗari ba, don haka ana iya sake kaɗa kirim da wannan ruwan cikin sau da dama har ya yi kauri, a tsaya kafin rabin asid ya ƙare.

Cututtukan kirim biyu ne, kuma ana auna duka biyun ba da kayan tsada ba. Na farko yoyo. Juya kirim ɗin cikin lita ɗaya ta ruwa tsantsa marar zinki ka bi pH da kallo. Haidirojin da ke ciki milimol 100 ne, saboda haka in pH ya sauka zuwa 3, kashi ɗaya cikin ɗari ya yoyo, babu laifi. In ya doshi 2, wajen kashi goma ya fita, wannan kirim ba zai yi aiki ba. Sanadinsa ƙarancin Span 80, ko juyi da ƙarfi, ko zafi, ko kirim ya kwana. Span 80 asid yana cinye shi a hankali, zafi kuma yana hanzarta hakan, shi ya sa ake kaɗa kirim a yi amfani da shi nan take, kuma a lokacin bazara gara a yi da sassafe. Manyan masana'antu sun fi dogara da sinadaran riƙe na dangin poliyamin irin su ECA 4360, da suka fi jure asid. Na biyu kumburi. Ruwan ciki ya fi na waje kauri, sai ruwa ya riƙa tsotsuwa yana shiga. Auna kirim kafin da bayan aiki: in 100 ya koma 120, ruwan ciki ya tashi daga 50 zuwa 70, giram 6 ɗinka ya koma 4.3. Abin da ke wahalar da mutane shi ne maganin ɗaya yana tada ɗayan. Ka ƙara Span 80 don tsayar da yoyo, kumburi ya ƙaru tunda shi ma yana jigilar ruwa, zinki ya rage saurin shiga, fasa kirim kuma ya zama aiki. Tsakanin kashi 2 da 4 cikin ɗari na man ake laluben yawan Span 80, kowane ruwa da nasa daidai.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Bayan an tsayar da juyi, kirim ya taso sama cikin minti biyar zuwa goma, an janye ruwan ƙasa, dole a fasa kirim ɗin a fitar da ruwan zinki, man kuma ya dawo lafiya don a sake kaɗawa. Ka yi wahala ka gina abin da ba ya fashewa, yanzu kuma kana so ya fashe. A ɗakin gwaji injin majaujawa yana yi, ko ɗumamawa zuwa digiri 60 ko 70 cikin ruwan zafi a rufe, babu harshen wuta kusa, sai dai zafin yana lalata Span 80. Sinadaran fasa kirim da ake sayarwa suna fasawa da kyau, amma suna zama cikin man, ba zai sake kaɗuwa ba. Abin da masana'antu ke yi shi ne a bi da kirim tsakanin faranti biyu masu rufi da ke ɗauke da lantarki na dubban volt, ɗigon ruwa su ja juna su haɗu su nutse, kamar yadda matatun mai ke cire ruwan gishiri daga ɗanyen mai. Wannan na'ura tana son wuta tsayayya, da wayar ƙasa mai kyau, musamman da hunturu lokacin da busasshiyar iska ke tara tartsatsi a jikin roba, da kuma ma'aikacin da ya san abin da yake yi. Duk rahoton da ya ce an ciro kashi 99 cikin ɗari amma bai faɗi sau nawa aka sake amfani da man ba, rabin labari ya bayar. Ka ce wa ƙanenka ya maimaita da mai ɗaya sau biyar zuwa goma, kowane zagaye ya lissafa: zinkin da ya bar ruwan waje, nawa aka samu a ruwan ciki, nawa ya maƙale a mai. Ruwan da aka tsabtace ma ba a sake shi haka, yana ɗauke da ɓurɓushin mai da asid, sai ya bi ta yashi da gawayin tacewa, an daidaita pH ɗinsa.

To, za ta biya ka? Lita 2,000 sau miligiram 300 giram 600 ne a rana, kilo 15.6 a kwanakin aiki 26. Zinki a kasuwar duniya yana yawo kusa da dala 3 a kilo, ke nan abin da kake zubarwa a wata bai kai na dala 50 ba. D2EHPA da Span 80 daga waje ake shigo da su, ga injin kaɗawa, ga na'urar fasawa, ga man janareta, ga albashin mai kula. A ra'ayina, da wannan yawan ruwa da wannan ƙarfe, ba za ta mayar da kuɗinta ba, kuma ba zan ba ka shawarar kafa ta ba. Da jan ƙarfe ne, wanda ya ninka zinki wajen sau uku, ko nikel da ya fi haka, kuma ruwan ya kai dubban lita a awa, da lissafin ya fara canjawa.

Inda tantanin mai ya fi ƙarfi shi ne ruwa mai yawa, abin cikinsa kaɗan, ga ƙarafa a gauraye ana son a zaɓo ɗaya, ko abin da ba ya kwanciya da soda ko laim. Finol misali ne mai kyau, irin wanda ake samu a ruwan matatun mai da na masana'antun gasa kwal da na roba. Shi ba ya ma buƙatar ɗan dako: yana narkewa a mai da kansa, ya ratsa, ya tarar da sodar sabulu a ciki, ya zama gishirin da ba ya iya komawa ta mai. Sharaɗin kawai ruwan waje ya kasance ƙasa da pH 7, tunda a wajen 10 finol ke juyewa gishiri. In aikin man Kolmani da ke iyakar Bauchi da Gombe ya kankama, irin wannan ilimi zai yi wa matasan injiniyoyinmu amfani, don haka kada ƙanenka ya watsar da gwajin. Majemu kuwa, masu kuromiyam na jima, kwantar da shi da magnesiya a sake narka shi da asid ya fi musu sauƙi nesa.

Kai abin da zai amfane ka a yanzu ya fi wannan arha. Zinkin nan duk daga jikin kayan da ake cirowa daga baho yake ɗiga. A riƙa rataye kaya a kan bahon daƙiƙa 15 zuwa 20 su tsane kafin a matsa. A sa duro na farko mai ruwa tsayayye wanda ba a zubarwa, da shi za a riƙa cike bahon in ya ƙafe, a zafin Gombe kuwa baho yana ƙafewa sosai, wannan riba ce gare ka. Bayansa a jera duron ɗauraya biyu ko uku, sabon ruwa ya shigo ta na ƙarshe ya gangaro na farko, kaya suna tafiya ta kishiyar hanya. Wannan tsari kaɗai yana iya rage ruwan ɗauraya da kusan kashi 90 cikin ɗari. Ɗan abin da ya rage a ɗaga pH ɗinsa da soda zuwa 9 ko 9.5, zinki ya kwanta fari. Kada a haura 11, zai sake narkewa, kuskuren da masu ganin "a ƙara don ya fi kyau" ke yawan yi. A shanya laka a kan gadon yashi mai siminti a ƙasa. In ba ta gauraya da kuromet ba, ana iya narka ta da asid ɗin salfa a sami zinki salfet. Manoman shinkafa irin na Dadin Kowa suna amfani da zinki salfet a matsayin taki, amma naka kada ya je gona sai an auna dalma da kadmiyam a ciki. Ruwan kuromet kuma a sauke shi zuwa pH 2 ko 3, a zuba sodiyam metabaisalfayit har rawaya ta koma kore, sannan a ɗaga zuwa 8.5 ya kwanta. Lakarsa a adana ta daban, ba a zubar a kwari ba, don da damina kwarin nan yana bi ta bayan gidaje da rijiyoyin mutane. Ka nemi ƙa'idar zubar da ruwan masana'anta a ofishin NESREA, hukumar tarayya mai kula da ƙa'idojin muhalli, ko ma'aikatar muhalli ta jiha.

Awon miligiram 300 ɗin ma a sake shi, don samfur guda ba ya nuna aikin yini. A riƙa ɗibar rabin kofi kowace awa daga buɗewa zuwa tashi, a haɗa a jarkar roba mai tsabta, a yi haka kwana uku, kowane duro da jarkarsa. A kai sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Jihar Gombe ko na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) a Bauchi a tambayi inda za a auna zinki, baƙin ƙarfe, kuromiyam, kalsiyam, dalma da kadmiyam. A kuma auna yawan ruwan da agogo da bokiti, ba da kintace ba.